TAKARDAR ƊALIBI DAGA LANDAN: INDA AGOGO YA FI RANA

Zuwa ga Edita,

 Na yi alkawari zan riƙa aiko muku da labarin abin da idona ya gani a Ingila, to ga cikawa.

Na sauka a filin jirgin sama na Hitiro a ƙarshen watan Satumba. Daga nan aka nuna mini jirgin ƙasa wanda ke bi ta ƙarƙashin ƙasa har tsakiyar gari. Tun 1863 suka fara wannan aiki, su ne farko a duniya, yanzu kuwa tasoshinsa sun fi 270. Na shiga na yi sallama, ba wanda ya amsa, kowa ya sunkuyar da kai ga littafinsa ko wayarsa. Raina ya ɓaci, na zaci ƙi ne. Sai da na ɓata hanya, wata tsohuwa ta bar tafiyarta ta raka ni har bakin tasha, kana na gane shirun nan al'ada ce. Garin da mutanensa suka kai wajen miliyan 9, in aka ce sai an gai da kowa, ai ba mai isa wurin aiki.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki ba jirgi ba ne, ba kuwa dogayen benaye ko kogin Temis ba. Rana ce. A Kano muna duban inuwa mu san azahar ta yi, kuma tsawon yini tsakanin damina da hunturu bambancinsa bai kai sa'a biyu ba. Nan kuwa a watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, sau da yawa ma gajimare ya rufe ta yini zubur. A watan Yuni kuma yini ya kan wuce sa'a 16. Dalili shi ne Landan tana daraja 51 arewa da tsakiyar duniya, Kano kuwa daraja 12 kaɗai. Har agogon ma juya shi su ke yi, a mai da shi baya da sa'a guda ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a tura shi gaba ran Lahadin ƙarshe ta Maris.

To, jama'a, ga inda abin ya taɓa ni. Ran nan na yi azahar wajen ƙarfe 12, na shiga ɗakin karatu da nufin in na fito in yi la'asar yadda na saba a gida. Ko da na ɗaga kai na dubi taga, sai na ga fitilun titi sun kama. La'asar ta shiga tun kafin ƙarfe 2, ta fita, magariba ta yi, ni ina zaune da alƙalami. Na rama, amma daren nan ban yi barci da daɗi ba, domin tun ina yaro ban taɓa sakin salla haka ba. Kashegari na tafi Babban Masallaci na gefen lambun Rijent, wanda aka gama gininsa a 1977, na karɓi takardar lokutan salla, na liƙa ta a bangon ɗakina. Yanzu kafin in karya kumallo sai na auna lokacin darasi da na salla, in san inda zan yi kowace.

Wannan ya sa na tuna da magabatanmu. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo karatun koyarwa a Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya biyo baya a 1946, gari bai ko farfaɗo daga yaƙi ba, abinci ma da kati ake samunsa. Duk da haka suka yi karatunsu suka koma. Mu da muka tarar da sauƙi ba mu da hanzari.

Shawarata ga iyaye da malaman makaranta ita ce, duk yaron da za ku turo nan, ku koya masa aiki da agogo tun yana gida, ku haɗa shi da rigar sanyi, ku gaya masa kada shirun mutane ya karya masa zuciya. Matambayi ba ya ɓata.

Daga ƙarshe ina da tambaya ga malamanmu. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli hasken shafaƙi ba ya gushewa sarai a sararin Landan har gari ya waye. Yaya za mu ƙaddara lokacin lisha da na asuba? Ina roƙon a amsa mana a wannan shafi kafin lokacin ya zo. Allah ya ba mu alheri, amin.

Wasalam,
Ɗalibinku, Landan.