A Fara Shirya Mai Tsaro Kafin A Kunna Wutar Nukiliya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Yauri ya san wani abin mamaki da muke zaune da shi. Ga tafkin Kainji a ƙofar gidanmu, ruwan da ke juya injunan da ke ba Nijeriya lantarki, amma sau da yawa da fitilar hannu muke bitar karatunmu da dare. Saboda haka idan aka ce gwamnati na shirin kafa tashar lantarki mai aiki da makamashin nukiliya, ba mu ne za mu fara ɓata fuska ba. Ni ma ina son wuta. Amma ra'ayina shi ne kada a aza tubali ko ɗaya na wannan tasha sai an tabbata akwai hukuma mai ƙarfi, mai cin gashin kanta, wadda za ta iya cewa a tsaya, kuma a tsaya ɗin.

Da farko bari mu san abin da ake magana a kansa. A Kainji ruwa ne ke gangarowa da ƙarfi ya juya inji. A tashar nukiliya kuwa, wani ma'adini ne mai suna yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, ake sawa cikin wata babbar tukunya ta ƙarfe. Ƙwayoyinsa suna tsagewa su fitar da zafi mai tsanani, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji. Ba hayaƙi, ba man fetur. Faransa ta fi samun rabin lantarkinta ta wannan hanya, Afirka ta Kudu kuma tana da tasharta a Koeberg tun 1984.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce wannan wuta ba ta mutuwa nan take. Ko an kashe tukunyar, abin da ke cikinta yana ci gaba da fitar da zafi, kamar garwashin da uwargida ta rufe da toka. Tilas ne a yi ta zuba masa ruwan sanyaya dare da rana. In ruwan ya yanke, sai ya narke, ya saki wata guba da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wadda ke shiga iska da ruwa da ciyawa da nonon shanu. Tokar da ya bari kuwa, wani sashenta yana da haɗari har shekaru dubbai.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1976 aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa, wadda aikinta shi ne bunƙasa wannan sana'a. A 1995 aka yi dokar kare jama'a daga haɗarin nukiliya, a 2001 kuma hukumar sa ido da dokar ta tanada, watau NNRA, ta fara aiki. Ita ce ta ba da lasisi ga ƙaramar tukunyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka fara aiki da ita a 2004. An ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya kafa manyan tashoshi, a 2017 kuma aka sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha. Har yanzu dai ba a gina ko ɗaya ba, don haka akwai sauran lokacin gyara.

Wani zai ce, ai ga doka ga hukuma, me kuma ya rage? Amsata tana bakin kwata. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa ya nutse a kusa da Warrah, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150. Tsiraru ne suka fita da rai. Babu gidan da bai girgiza ba a wannan yanki. Shin a ranar babu doka ne? Akwai. Tun 1997 ƙasar nan take da hukumar kula da hanyoyin ruwa. An san adadin da ya kamata kowane jirgi ya ɗauka, an san ya kamata fasinja ya sa rigar ceto, an san akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin tafkin tun lokacin da ruwa ya cinye daji. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai tsaya a bakin ruwa ya ƙidaya kawuna, ya ce jirgin nan ya cika, ba zai tashi ba sai an rage.

Ni kaina na taɓa shiga jirgi ran wata kasuwa, muka yi ta loda buhunan albasa da babura da mutane har ruwa ya kusa kai bakin katako. Wani dattijo ya ce, "Malam, kayan nan sun yi yawa." Mai jirgin ya yi dariya ya ce, "Baba, shekarata ashirin a ruwan nan." Muka yi shiru duka, muka tashi. Allah Ya sa muka sauka lafiya. Mai jirgin nan ba mugu ba ne, neman abincin iyalinsa yake yi, kowane buhu kuɗi ne a wurinsa. Shi ya sa bai kamata a bar masa hukuncin yawan lodi ba. Ba a ba kura ajiyar nama.

Haka abin yake a tashar nukiliya, sai dai jirginta ya fi girma. Kowace rana da aka rufe tasha domin gyara, masu ita suna asarar kuɗi masu yawa, gwamnati kuma tana shan surutun jama'a saboda duhu. Ke nan dukansu biyu suna da dalilin cewa a ɗan ƙara haƙuri, a ci gaba da aiki. Tarihi ya nuna inda wannan haƙuri ke kaiwa.

A ranar 26 ga Afrilu, 1986, tukunya ta huɗu ta tashar Chernobyl, a Yukren ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ta fashe. Tsarin tukunyar yana da aibi, ma'aikata kuma sun keta ƙa'idojin tsaro lokacin wani gwaji. Mahukunta ba su faɗa wa duniya ba sai da na'urorin ƙasar Suwidin suka gano gubar a iska bayan kwana biyu. An kwashe mutanen garin Pripyat, kusan 50,000, aka killace ƙasa kilomita 30 ta kowace fuska. Yara da yawa da suka sha gurɓatacciyar madara sun kamu da ciwon daji na maƙoshi daga baya. Ku auna kilomita 30 ta kowace fuska daga kasuwar Yauri, ku ƙidaya garuruwa da gonakin shinkafa da fadamun albasa da ke ciki, sannan ku ce an hana kowa komawa.

Kada a ce wannan sakacin Rasha ne kawai. Japan ƙasa ce da ta yi suna wajen ilmi da tsari. A ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da igiyar teku suka afka wa tashar Fukushima, lantarki ya yanke, janaretocin ko-ta-kwana suka cika da ruwa, tukwane uku suka narke, mutane fiye da 100,000 suka bar gidajensu. Kwamitin da majalisar ƙasar ta kafa ya binciko cewa laifin mutane ne, domin hukumar sa ido tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata nukiliya, ta kuma saba ɗaga wa kamfanin ƙafa. A 2012 suka rushe ta suka kafa sabuwa mai zaman kanta. Amurka ta riga ta yi irin wannan rabo tun 1975, yau kuma kowace tasha a can tana da sufetocin gwamnati da ke zaune a cikinta kullum. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Masu goyon bayan a hanzarta suna kafa hujja da tukunyar Zariya, suna cewa ga shi mun riƙe ta shekara da shekaru. Gaskiya ne, kuma abin yabo ne. A 2018 ma an sauya mata makamashi zuwa wanda ba ya yin makami, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Amma ƙarfinta kilowat 34 ne kacal. Tukunya ɗaya daga cikin huɗun da Rasha ke ginawa a Masar za ta ba da megawat 1,200, watau ninki fiye da 35,000. Wanda ya iya tuƙa kwalekwale bai zama direban jirgin teku ba tukuna. Ga kuma babban layin lantarkin ƙasa da ya durƙushe sau da dama a 2024 kaɗai, alhali tashar nukiliya tana bukatar wutar waje mai ɗorewa domin famfunan sanyaya.

Wani kuma zai ce Geregu da nisa, ina ruwan Bayauri? Geregu a bakin Kwara take, kogin nan dai da ke wucewa ta gabanmu, masuntanmu kuma suna bin sa har can ƙasa neman kifi. Bayan haka, mu mun san abin da babban aikin gwamnati ke yi wa talaka. Da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, an tashi mutane kimanin 44,000, tsohuwar Busa ta nutse, Gungawa suka bar tsibiran kakanninsu. Wanda ya taɓa ɗaukar kayansa a ka saboda lantarki yana da bakin magana a kan lantarki.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. Na farko, hukumar sa ido ta kasance da kuɗinta na kanta da ikon rufe tasha ba tare da neman iznin wanda ke cin ribarta ba. Na biyu, a horar da sufetoci 'yan ƙasa da yawa, a biya su albashin da zai sa su ƙi karɓar goro, a zaunar da su cikin tashar. Na uku, a riƙa buga sakamakon bincike a fili, a bayyana shi da Hausa da sauran harsunanmu, a kuma koya wa mazauna kusa inda za su nufa in ƙaho ya yi kuka. Na huɗu, gwamnati ta nuna mana da gaske take ta hanyar fara aiki a nan bakin kwata. In aka shekara biyar babu jirgin da ya tashi da lodin da ya wuce kima daga Warrah ko Yauri ko gaɓar Shanga, to za mu yarda cewa doka ta fara aiki a ƙasar nan.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu dage da lissafi da kimiyya, domin sufetocin nan daga cikinmu za su fito. Iyayenmu kuma, don Allah, in kun ga jirgi ya cika ku jira na gaba, ku kuma mara wa dattijon da ya yi magana baya. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya kiyaye na baya, amin.