Suna Linzami Ne, Amma Lamba Ita Ce Shaida

Ga damina tana ƙaratowa, kuma ƙungiyoyin manoma na ƙasar Kwatarkwashi, da na Bunguɗu da Tsafe har Gusau, sun fara rubuta sunayen masu son taki da iri. Saboda haka na ga ya kamata a wannan mako mu yi magana a kan rajistar nan, tun ba a kai ga ranar rabo ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan kuwa, wani abu ne da na gani da idona a wata damina da ta wuce. Ina tsaye a bakin siton wata ƙungiya ana rabon taki, sai ga wani dattijo ya zo da ɗansa a kan babur, za su ɗauki buhu biyu. Akawu ya buga sunansa cikin kwamfuta, ya duba, ya ce, "Baba, ai ba ka da rabo bana, akwai bashin bara a kanka." Dattijo ya rantse da Allah bai taɓa cin bashin ƙungiya ba. Akawu ya juyo masa da fuskar kwamfuta ya ce, "Ga shi nan, ba ni na faɗa ba." Mutane suna kallo, ɗansa ya sunkuyar da kai, suka hau babur suka koma hannu wofi.

Bayan kwana uku muka zauna da akawun muka bi rajista layi layi. Ashe mutum uku ne cikin ƙungiyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Na farkonsu shi ne mai bashi, dattijon kuwa shi ne na uku. Kafin a gyara, taki ya ƙare a sito, kuma masararsa ta wuce lokacin zubin farko. An ba shi haƙuri, amma haƙuri ba ya mayar da mutuncin da aka zubar a gaban jama'a.

To, mene ne ya faru cikin na'urar? Bari in yi bayani a hankali, domin manomi da ɗan kasuwa su fahimta, ba akawu kaɗai ba.

Abin da akawuna su ke amfani da shi jadawali ne na kwamfuta, watau takarda mai layuka a tsaye da layuka a kwance, kamar kunyoyin gona da aka ratsa. Irin wannan jadawali ya fara shahara a Amurka a 1979, da wanda a ke kira VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka ƙirƙiro. Excel, wanda ya fi yawa a ofisoshinmu, ya fito a 1985. Cikinsa akwai wani umarni na nema, sunansa VLOOKUP. Aikinsa kamar na yaron da ka aika ɗakin ajiya ne. Abu huɗu za ka gaya masa: abin da zai nema, da inda zai nema, da layin da zai ɗauko amsa daga ciki, da kuma ko daidai-wa-daida ka ke so ko makusanci ma ya isa. Ga misali:

=VLOOKUP(A2,Rajista!A:D,4,0)

Ma'anarsa ita ce, ɗauki abin da ke cikin gurbin A2, ka tafi shafin da aka sa wa suna Rajista, ka bi layin farko daga sama zuwa ƙasa har ka sami irinsa, sa'an nan ka tsallaka zuwa layi na 4 ka kawo mini abin da ke rubuce a wurin. Sifirin nan na ƙarshe shi ne ke cewa sai daidai-wa-daida.

Lalle wannan dabara tana da amfani ƙwarai. Aikin da zai ci wa akawu yini guda yana juya shafin littafi, yana bin sunaye da yatsa, na'ura za ta gama shi kafin ya ajiye kofin shayi. Mai sayen hatsi zai iya haɗa littafin awo da littafin biya, ya ga wanda aka auna wa ba a biya shi ba. Ƙungiya za ta iya haɗa takardar rance da takardar rabo. Ni ina cikin masu cewa ko wane akawu ya koye ta. Amma yaron nan da ka aika ba shi da wayo ko kaɗan, kuma yana da halaye guda biyar waɗanda duk wanda bai san su ba zai cuci bayin Allah ba da niyya ba.

Na farko, da ya tarar da abin da ya yi daidai sai ya tsaya, ba ya duba ko akwai wani a ƙasa. Wannan shi ne ya sami dattijon nan. Mu kuwa a ƙasar nan suna kaɗan ne, mutane da yawa. A unguwa guda za ka sami masu suna Sani ko Musa ko Ibrahim sun fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya, kuma sunayen ubanninsu ma haka.

Na biyu, ba ya gane cewa suna biyu na mutum ɗaya ne. Kowa ya sani Abubakar shi ne Garba, Usman shi ne Shehu, Ibrahim shi ne Iro, Muhammadu shi ne Mamman. Bara an rubuta mutum da sunan yanka, bana ya faɗi wanda a ke kiransa da shi a gari. Ga kuma bambancin rubutu: wani akawu ya rubuta Muhammadu, wani Mohammed, wani ya sa ɗ mai lanƙwasa a Ɗanjuma, wani ya sa d zalla. Ko fili guda da aka bari a ƙarshen suna, wanda ido ba ya gani, ya isa ya hana na'ura ganewa. Mata kuwa abin ya fi shafarsu, domin sau da yawa miji ko ɗa ne ke zuwa rubuta su, kuma ɗa ba ya faɗin sunan mahaifiyarsa kai tsaye, sai ya ba da laƙabi.

Na uku, kuma shi ne mafi haɗari, idan akawu ya manta bai sa sifirin nan na ƙarshe ba, na'ura za ta ɗauka makusanci ya isa. Wannan hanya ba ta aiki daidai sai an jera layin farko daga ƙarami zuwa babba. In ba a jera ba, za ta iya kawo maka bayanin wani mutum dabam, ba kuma za ta nuna alamar kuskure ba. Neman makusanci yana da wurinsa, kamar a ce ƙungiya ta yanke cewa mai gona ƙasa da hekta 1 buhu kaza, daga hekta 1 zuwa 2 buhu kaza. A nan daidai ne. Amma wajen neman mutum, ɗan Adam ba shi da makusanci.

Na huɗu, lambar layin nan, watau 4 a misalinmu, ba ta motsi. Idan wani ya zo daga baya ya cusa sabon layi a tsakiyar rajista, lambar tana nan a 4, alhali abin da ke layi na 4 ya canja. Sai ka ga inda a ke sa ran adadin bashi an kawo girman gona.

Na biyar, ya kan bambanta lamba da rubutu ko da sun yi kama a ido. Lambobin wayarmu guda 11 ne, kuma da sifiri su ke farawa. Idan aka buga su a matsayin lambar lissafi, na'ura ta kan yar da sifirin farko. Sai shafi ɗaya ya zama da sifiri, ɗaya babu, nema ya ci tura.

Masu kwamfuta sun gyara wasu daga cikin waɗannan. A 2019 kamfanin Microsoft ya sanar da sabon umarni mai suna XLOOKUP, wanda shi daidai-wa-daida ya ke nema ko ba a gaya masa ba, ba ya bukatar lambar layi, kuma yana iya ɗauko amsa daga hagu ko dama. Wanda na'urarsa tsohuwa ce yana iya haɗa INDEX da MATCH ya sami kusan wannan amfani. Amma duk cikinsu babu wanda zai raba maka Musa da Musa.

Saboda haka ga ra'ayina, kuma ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su dube shi da idon basira. A daina neman manomi da suna. A ba ko wane ɗan ƙungiya lamba tasa ta kansa, wadda ta fara da haruffa, kamar KW-0047, domin haruffan za su hana na'ura yar da sifiri. A rubuta lambar a kati a ba shi ya riƙe, a rubuta ta a ko wane rasit. Idan ya rasu ko ya bar ƙungiya, a binne lambar, kada a ba wani, ko da ɗansa ne. Wannan lamba ita za ta zauna a layin farko na ko wane shafi, suna da unguwa su biyo baya don akawu ya tabbatar da idonsa.

Wani zai ce, ai ga lambar waya. A shirin tallafin taki da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012, lokacin Dokta Akinwumi Adesina yana Ministan Gona, ta waya a ke aika wa manomi saƙon rabonsa. Amma mun san yadda waya ta ke a ƙauye: 'yan'uwa uku suna amfani da guda ɗaya, layi ya kan ɓata, a kan sayi sabo. Wani kuma zai ce a yi da lambar katin ɗan ƙasa, tun da ba a ba mutum biyu iri ɗaya. Gaskiya ne, kuma yana da kyau a ajiye ta a rajista. Amma ba lambar da za a liƙa a bangon sito ba ce, ko a watsa cikin zauren WhatsApp, gama 'yan damfara suna nemanta, kuma tun 2023 akwai dokar ƙasa ta kare bayanan mutane.

Ga akawuna kuma, abu uku. Kafin ranar rabo, ku sa umarnin COUNTIF ya ƙirga muku sau nawa ko wace lamba ta fito, duk wadda ta fito fiye da sau ɗaya a bincika. Idan na'ura ta nuna #N/A, ma'anarsa ba ta samu ba, kuma wannan gaskiya ta faɗa muku. Kada ku rufe shi da IFERROR ku mayar da shi sifiri don shafi ya yi kyau, domin bayan ko wane #N/A akwai mutum da gonarsa. Sa'an nan ku ɗauki sunaye goma daga wurare dabam dabam, ku gwada amsar na'ura da littafin hannu. In ɗaya ya saɓa, a dakatar da rabo har a gano dalili.

Na san akwai dattawa masu cewa a watsar da kwamfutar a koma littafi, kamar zamanin En'e, lokacin da malamin haraji ke zuwa da mai unguwa a gefensa. Su tuna cewa abin da ya sa wancan ya yi aiki, mai unguwa ya san kowa da gidansa. Yau kuwa rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da yawa a Jihar Zamfara, manomin da aka rubuta a wani ƙauye bara yana zaune a Gusau ko Tsafe bana, kuma akawu bai taɓa ganin fuskarsa ba. Akwai kuma samari masu cewa kwamfuta ba ta kuskure. Su kuma su ji wannan: a watan Oktoba na 2020, a Ingila, kusan mutum 16,000 da aka gwada aka same su da cutar korona ba su shiga lissafin hukuma a kan lokaci ba, saboda an yi amfani da tsohon samfurin jadawali wanda layukansa ba su wuce 65,536 ba. In haka ta faru a can, ina ga siton ƙauye?

Kuma kada a yar da littafin hannu. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan har tsawon makonni. Ƙungiyar da rajistarta ke kan intanet kaɗai, a irin wannan lokaci hannunta a ɗaure ya ke. A buga rajista a takarda ko wace shekara, shugaba da ma'aji su sa hannu, a ajiye kofi biyu a gidaje dabam.

Ku kuma manoma, haƙƙinku ne ku tambaya. Duk wanda aka ce masa kwamfuta ta ce kaza, ya ce a nuna masa layinsa, a karanta masa suna da sunan uba da unguwa da girman gona. Ya riƙe rasit ɗinsa cikin leda, nesa da ruwa da gara. Akawu na kirki ba zai ji haushin wannan ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ina fata kafin ruwan shuka ya sauka, ko wace ƙungiya daga gindin Dutsen Kwatarkwashi har iyakar ƙasar Tsafe ta zauna ta ba 'ya'yanta lamba. Aikin yini biyu ne, kuɗinsa bai wuce na kwali da tawada ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Malamin Gona, Kwatarkwashi.