Kirsimeti Ba Da Bashi Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, tun da hutu ya matso, ina so in jawo hankalinku ga yadda muke bikin Kirsimeti a Fadan Kagoma da ƙauyukan da ke kewaye. A ganina bikin ya yi wa talaka nauyi, mu ne kuwa muka ɗora masa kayan.

Kowa ya sani citta ita ce dukiyar mutanenmu. Cikin hunturu ake tononta, watau daidai lokacin biki. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a ƙasashen Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a, ta ruɓar da ita tun tana cikin ƙasa, har manoma da yawa ko iri ba su tsira da shi ba. A shekarar ce kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka hau. To, aljihu ya ragu, amma bukatun biki ba su ragu ba.

Ku dubi abin da ke kan maigida ɗaya. Zumuntar mata ta fid da anko, mawaƙa sun fid da nasu, matasa su ma haka. Ga buhun shinkafa, ga akuya, ga takalman yara. Sai ya kwashi cittar da ya ajiye domin iri ya kai kasuwar Kafanchan, ko kuwa ya ci bashi. Da makaranta ta buɗe cikin Janairu, sai a koro yaronsa saboda kuɗin makaranta. Mu da muke koyon aikin malanta, mu ne za mu riƙa ganin bencin yaron nan ba kowa. Gaskiyar masu magana, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, akwai gwauraye da marayu waɗanda kunya ke hana su zuwa sujada ran 25 ga Disamba, don ba su da sabon zane. Ashe tufafinmu sun zama ƙofa da muke rufe wa mutane majami'a. Alhali kuwa sura ta 2 ta Bisharar Luka ta nuna mana a komin dabbobi aka kwantar da Almasihu, makiyaya ne kuma suka fara jin labarin.

Wani zai ce, ai sau ɗaya ne a shekara, a bar mutane su yi murna. Na yarda, ban kuwa ce a daina murna ba. Kakanninmu da suka karɓi bishara bayan da mishan ta SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, da waɗanda suka ga kafuwar ECWA a 1954, ba su da abin da muke da shi yanzu. Duk da haka sun yi waƙa da kiɗa, sun ci tuwon acca tare, sun kai wa maƙwabta abinci, Kirista da Musulmi.

Saboda haka ga shawarata guda uku. Ta fari, kada wata ƙungiyar ikilisiya ta tilasta anko. Kowa ya zo da abin da yake da shi, muddin wankakke ne. Ta biyu, a daina kiran suna da yawan kuɗi a bainar jama'a lokacin baiko. Ta uku, kowane gida ya ware irin citta da kuɗin makaranta tukuna, sa'an nan a yi cefanen biki da abin da ya rage, a kuma cire rabon gwauruwa daga ciki.

In mun koma gida, mu kai maganar nan gaban fasto da dattawa cikin ladabi. Mu fara da kanmu, mu shiga sujada da rigarmu ta bara. Allah ya kai mu lafiya, amin.