Kwamfuta ta mutu, amma rumbunta yana nan

 Yau labarin gida zan fara ba ku.

A hutun da ya wuce ina gida a Roni, wutar lantarki ta dawo da ƙarfi cikin dare, kwamfutar yayana kuma tana jone. Da gari ya waye ko ƙyaftawa ba ta yi. Yayan nawa ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, kuma aikin bincikensa na kammala karatu yana cikinta. Akwai abin da ya fi wannan ma: bidiyon kakanmu, Allah ya jiƙansa, yana ba da tarihin gidanmu. Ba mu da shi a ko'ina sai nan.

Mai gyara a Kazaure ya duba ya ce babban allon cikinta ne ya ƙone, gyaran kuma ya kusa kuɗin wata kwamfutar. Yaya ya ce to a sayar wa 'yan gwangwan kawai. Na ce, “Yaya, don Allah a bari mu ciro rumbun tukuna.”

Rumbun da nake nufi shi ne abin da masu gyara ke kira had-dis. Duk takardu da hotuna da bidiyon da ka ajiye a cikinsa suke, kuma ba ya buƙatar wuta kafin ya riƙe su. Shi ya sa sau da yawa kwamfuta kan mutu, rumbu yana nan lafiya. Wanda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1956 ya kai girman firiji biyu, amma abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar yau ba. Na laftof yanzu inci 2.5 ne, bai fi tafin hannu ba.

Mun cire caja da batir, mai gyaran ya kwance sukurorin ƙasa ya zaro shi. Sai muka sayi wani ɗan gida da ake zura shi ciki, wanda 'yan kasuwa ke kira kesin, mai wayar USB. Ana samunsa a shagunan kayan kwamfuta, irin na titin Beirut a Kano. Da muka jona shi a sabuwar kwamfuta sai ya bayyana kamar filashi. Muka shiga foldar Users, muka buɗe mai sunan yaya, sai ga aikinsa, ga kuma kaka yana magana. Idan na kwamfutar tebur ne, shi inci 3.5 ne, kesin ɗinsa yana buƙatar wutarsa daban.

Ga abubuwan da nake so ku kiyaye. Da farko, idan kun jona rumbu sai kwamfuta ta ce a yi masa fomat, kada ku yarda. Fomat ƙona rumbu ne, kuma a nan babu inda toka ke kuɗi. Ku zare shi ku kai wa wanda ya sani. Na biyu, ku sa manhajar kashe bairos ta bincike shi kafin ku buɗe komai, don kada tsohuwar cuta ta shiga sabon gida. Na uku, ku kwafi fayiloli, kada ku yanko su, saboda idan wuta ta ɗauke a tsakiya asalin yana nan.

Wasu suna zaton za a ɗauki tsohon rumbu a sa a sabuwar kwamfuta ta tashi kamar da. Wani lokaci hakan yana yiwuwa, amma kada ku dogara da shi. Windows ɗin da ke ciki an saita shi ne da kayan tsohuwar kwamfuta, lasisinsa ma sau da yawa da ita aka ɗaure shi. Yawancin sababbin laftof kuma siririn rumbu suke amfani da shi mai suna SSD, babu ma gurbin tsohon. Manhajoji irin su Word ba sa bin kwafi, sai an sake girka su. Idan kuma an kulle rumbun da BitLocker, zai nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yake cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar.

Idan kuka ji rumbu yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas, ku cire shi nan take. A cikinsa akwai faifai mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, kuma duk juyin da ya ƙara a wannan hali yana iya lalata abin da ya rage.

Sai batun sirri. Da yaya ya sayar da kwamfutar nan yadda take, da duk wanda ta faɗa hannunsa zai iya ganin hotunan iyalinmu da takardunsa. Danna gogewa ba ya share fayil gaba ɗaya, fomat na gaggawa ma haka, akwai manhajojin da ke dawo da su. Kafin ku rabu da rumbu, ku kwashe kayanku, sannan a yi masa cikakken fomat. Idan kuma an saya muku kwamfuta ta hannu kuka tarar da kayan wani a ciki, amana ce. Kada ku leƙa, kada ku tura wa kowa, ku goge.

Yanzu bidiyon kaka yana wuri uku: a sabuwar kwamfuta, a tsohon rumbu, da kuma wayar gwaggonmu a Babura. Tsohon rumbu yana iya mutuwa kowace rana, don haka ba a barin abu mai muhimmanci a cikinsa shi kaɗai.

Aikinku na wannan mako: ku tambaya a gida ko akwai matacciyar kwamfuta da aka jefa ƙarƙashin gado. Kafin a ba 'yan gwangwan, a duba rumbunta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.