Zuciya ba ta jiran motar asibiti

Ranar 26 ga watan Yuni na 2003, a birnin Liyon na Faransa, ɗan ƙwallon Kamaru Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi tsakiyar fili, ba wanda ya taɓa shi. Shekararsa 28, kuma bai sake tashi ba. Ranar 12 ga Yuni na 2021, a Kofanhagen, irin wannan faɗuwa ta sami Christian Eriksen na Danmark. Nan take aka shiga danna masa ƙirji, aka kawo wata ƴar na'ura ta buga masa lantarki sau guda, zuciya ta dawo. Cikin 2022 ya koma wasa.

Wani zai ce kwana ne bai ƙare ba. Ba mu musa ba. Amma mu dubi sababin da aka riƙa.

Sau da yawa wanda ya faɗi haka, zuciyarsa ba tsayawa ta yi cak ba; karkarwa take yi barkatai, ba ta tura jini. Bayan minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, kuma kowane minti da ya wuce ba taimako yana rage damar tsira da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Na'urar, wadda ake kira DAE da Faransanci, ba ta bukatar likita. A manna faifanta biyu a ƙirji, ita za ta auna bugun, ta yi magana, ta ce a ja da baya. In babu dalilin buga wuta, ba za ta buga ba. Kafin ta iso, sai a yi ta danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti.

Faransa, wadda muke kwafar dokokinta har da waɗanda ba su da amfani, ta halatta wa kowa aiki da ita tun 2007, a 2018 kuma ta wajabta ajiye ta a wuraren taruwar jama'a. Wannan ce ba mu kwafa ba?

Ya ku ƴan kasuwa da ma'aikata, ku da hawan jini da ciwon suga suka yi wa zobe, ku tuna abin da muke yi idan mutum ya faɗi a rumfa ko a buro. A taru a kansa, a kwara masa ruwa, a yi fifita, wani ya ce iskoki ne, wani ya ruga neman taksi. Kafin a fito da shi daga lungunan babbar kasuwar Maraɗi ko ta Yamai, mintocin nan sun tafi.

Kuɗinta wajen miliyan guda ne na sefa. Kuɗin ƙatuwar mota ɗaya ta manya zai sayi gommai. Ƙungiyar ƴan kasuwa kuwa ba sai ta jira gwamnati ba. Adashen wata ɗaya ya isa.

Sai dai a yi hattara, mun san halinmu. Batirinta da faifanta suna ƙarewa bayan ƴan shekaru, zafin bazara kuma yana cin su, don haka tilas a naɗa mai dubawa. A koya wa masu gadi, ƴan dako da direbobi danna ƙirji, su ne kullum a wurin. Kuma a rataye ta a bango inda kowa ke gani, ba cikin ofishin darakta ba, wanda ya kulle ya tafi taro da makulli a aljihu.