Baƙar waya ko mai kalar silba: ra'ayina a kan wadda ta fi dacewa da mutumin Daura

Yau ba gyara za mu yi ba, magana ce a kan kala. Da yawanmu idan za mu sayi waya muna tambayar girman memori, muna tambayar batir, amma idan aka zo kan kala sai mu ce "ba ni baƙa, ba ta nuna datti". Ni da nake buɗe wayoyin mutane kullum a shago, ra'ayina shi ne: idan jikin wayar ƙarfe ne na gaske, ka ɗauki mai kalar silba. Idan kuma roba ce, to maganar ta juya, zan zo kanta.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga a hawan Sallah ko hawan Gani a nan Daura ya ga yadda suke kula da bakin bindigarsu. Ƙarfen baƙi ne, kuma sai an riƙa shafa masa mai, in ba haka ba damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama shi. Baƙin nan a saman ƙarfen yake kawai, shi ya sa wurin da hannu ke yawan riƙewa yake fara yin fari. Kwanon silba na gidanku kuwa babu wanda ya taɓa shafa masa mai, ana ta dirzarsa da soson ƙarfe shekara da shekaru, bai yi tsatsa ba kuma kalarsa ba ta goge ba. Dalili, a cikin ƙarfen aka haɗa wani sinadari mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ne yake hana tsatsa. Ko ka karce shi, abin da ke ƙasa irin na sama ne.

To haka abin yake a waya. Kalar silba ita ce kusan kalar ƙarfen kansa. Baƙi, shuɗi mai duhu, ruwan toka mai duhu, duk riga ce siririya da aka sa wa ƙarfen a masana'anta. Ranar da wayar ta faɗi a kan siminti, kusurwar za ta ɓantare, farin ƙarfe ya leƙo. A kan mai kalar silba sai ka ƙura ido kafin ka gani. A kan baƙa tun daga nesa za a hango.

Ba sabon abu ba ne. A 2012 da Apple suka fitar da iPhone 5 baƙa, mutane sun yi ta ƙorafi cewa gefenta yana ƙarzuwa, wasu ma tun daga kwali. A 2016 suka kawo iPhone 7 mai baƙi mai sheƙi, su da kansu suka rubuta gargaɗi cewa za ta iya nuna ƙananan karce, wanda abin ya dama ya sa mata riga. Daga iPhone X a 2017 har zuwa 14 Pro, manyan wayoyinsu gefensu ƙarfen silba ne. A nan dai sai in faɗi gaskiya ko da ba ta goyi bayana ba: mai kalar silba ta fi saurin kwasar ƙananan karce masu kama da gashi, domin rigar da ake sa wa baƙar ta fi ƙarfen tauri. Amma karcen silba ana iya goge shi da man goge ƙarfe da tsumma mai laushi, ya dawo yana sheƙi. Baƙa kuwa idan ka goge ta da wannan man, kalar za ka cire. Babu gyara sai an canza kesin gaba ɗaya, kuma kesin ɗin da ake samu a kasuwa mafi yawa bai kai na asali ba.

Me ya sa na damu da wannan? Saboda mu a nan waya jari ce. Ɗalibi ya saya yau, kuɗin makaranta ya taso, ya sayar. Wani ya riƙe shekara ɗaya ya kai Farm Centre a Kano ya yi musaya. Dillali kafin ya kunna wayar, kusurwoyi huɗu yake fara dubawa. Ɓantarewa ɗaya da ta fito fili ta ishe shi dalilin rage maka kuɗi, ko da cikin wayar lafiya lau.

Sai maganar zafi. Apple sun ce wayarsu an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Baƙin abu ya fi shan rana, wannan ko mai baƙar jallabiya ya sani. Mai POS da ke kife wayarsa a kan tebur a bakin titi, ko ɗan acaɓa da ke zirga-zirga tsakanin Daura da Mai'adua zuwa Kongolam, baƙin baya zai fi ɗaukar masa zafi, kuma zafi shi ne babban abin da ke tsufar da batir har ya kumbura ya ɗago sikirin. Amma kada a zuzuta abin. A cikin ɗaki ko a aljihu bambancin kala ba wani abu ba ne, kuma idan ka saya fara ka lulluɓe ta da baƙar riga mai kauri, ka dawo inda ka guda.

Wani abin da ba a cika sani ba: ƙarfen silba ba ya fitar da zafi da sauri, alminiyam ya ninka shi kusan sau goma a wannan fannin. Ga shi da nauyi. iPhone 14 Pro giram 206 ce, 15 Pro da aka yi da taitaniyam a 2023 ta sauko 187. Saboda haka ban ce lallai sai ƙarfen silba ba. Kalar nake nufi. Ko alminiyam ce ko taitaniyam, zaɓi wadda ta fi kusa da kalar ƙarfen.

Maganar "baƙa ba ta nuna datti" kuma, a hunturu ne take ƙaryata kanta. Ƙurarmu fara ce. Ajiye baƙar waya minti goma a kan benci a watan Janairu ka gani. Ga shatin yatsu idan an shafa mai.

Yanzu ga inda maganar ta juya. Mafi yawanmu ba iPhone muke riƙewa ba. Tecno ne, Infinix, itel, Redmi, da ƙananan Samsung. Yawancin masu sauƙin kuɗi a cikinsu gefensu roba ne, sheƙin silba da kake gani fenti ne aka fesa don ya yi kama da ƙarfe. A irin waɗannan, mai sheƙin ce ke fara tonon asiri: fentin yana ɓarewa a wajen caji da wajen maɓallan ƙara, robar da ke ƙasa ta fito. A nan baƙa marar sheƙi ta fi rufin asiri, domin ko ta karce ba ta cika nunawa ba. Gane bambancin ba wuya. Ɗora gefen wayar a kumatunka da safe, ƙarfe zai yi sanyi, roba ba za ta yi ba. Sannan gefen ƙarfe yana da 'yan siraran layuka na roba da aka bari don sabis ya shiga, gefen roba ba ya buƙatarsu.

Ga masu sayen ta hannu: idan aka miƙo maka baƙar iPhone da ta shekara huɗu ko biyar amma kusurwoyinta babu ko ɗigon fari, kada ka yi murna tukuna. Ko dai mai ita bai taɓa cire mata riga ba, ko kuma an canza kesin. Duba ƙananan sukurori biyu na wajen caji ka ga ko bakinsu ya ci, sannan ka zaro mazaunin sim ka haɗa kalarsa da ta gefen wayar a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Idan kalolin ba su zo ɗaya ba, ka sa a buɗe ta a gabanka kafin ka tura kuɗi.