Darasin da Mai Zanen Sifaniya Ya Bar Mana

Akwai wani mai zane ɗan ƙasar Sifaniya, Miquel Barceló, wanda yadda yake gudanar da aikinsa ya daɗe yana sa ni tunani a kan halin da kayan tarihinmu suke ciki. An haife shi a tsibirin Mayoka a 1957, ya kuma yi suna a Turai tun yana matashi. Amma a 1988 sai ya tsallaka Sahara ya sauka a Mali, daga baya ya kafa ɗakin aiki a ƙasar Dogon.

A can ne ya riƙa ɗibar ƙasa da laka yana haɗa launi da su. Da gara ta shiga takardunsa ta huhhuda su, bai zubar da su ba, sai ya riƙa bin ramukan da ta yi yana gina zanensa a kansu. Ga shi kuma da tsananin sha'awar zanen mutanen farko. Yana cikin kwamitin masana da suka ba da shawara wajen gina kwafin kogon Chauvet na Faransa, wanda aka buɗe a 2015, kogon da zanen dabbobin cikinsa ya kai kimanin shekara 36,000. Rufin da ya zana a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba a 2008 ma kamannin kogo ya ba shi, fenti yana zubowa daga sama kamar tsinin dutse.

To, mai karatu, abin da wannan bawan Allah ya ɗauka makaranta, mu muna da shi a bayan gida. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu marasa tozo, shaidar irin dabbobin da aka taɓa kiwo a ƙasar nan. A Dabus kuwa, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita biyar. Mu nawa ne, cikinmu masu digiri da manyan ofisoshi, muka taɓa kai 'ya'yanmu su gani?

A ganina, laifin bai tsaya kan hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa kaɗai ba. Ya kamata sassan koyar da zane na jami'o'inmu, musamman na Zariya, su riƙa kai ɗalibai gindin waɗannan duwatsu, su zauna su duba yadda aka ja layi, da irin jar ƙasar da aka yi launi da ita. Gwamnatocin jihohi kuma su sa masu gadi, su gyara hanya.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Zanen dutse idan ya goge, babu kuɗin da zai dawo da shi. Allah Ya sa mu farga da wuri.